Huɗa a Ƙofar Gidan Baba Walta

Ɗakin da aka nuna min a hoto tun ina Gaya ba shi na tarar ba. Mutumin da ya yi min hanyarsa ɗan ƙasarmu ne, a waya ya kira ni ɗan'uwa ya fi a ƙirga, ya kuma rantse cewa daga ɗakin zuwa makaranta tafiyar ƙafa ce. Da na sauka daga jirgi sai ya kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, babu taga, katifa uku, mutum shida. Masu aikin dare su kwanta da safe, masu aikin rana su karɓi katifar da ɗuminta. Na tambaye shi ina ɗakin hoton, ya ce ai jiya-jiyan nan aka kama shi, in yi haƙuri, nan Amurka ce. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Sunana Tasi'u, mutumin Kademi, malamin gona a ƙaramar hukumar Gaya. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, da mata da 'ya'ya huɗu, aka ba ni gurbin ƙaro karatu na shekara guda kan kula da ƙasar noma a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka. Ni kuwa ba mutumin zama ba ne. Na saba in buga babur daga Gaya zuwa Balan kafin hantsi, in tsaya gaisawa a kowace inuwa, har matata tana cewa da ana biyan kuɗin surutu da tuni mun gina bene. Irin wannan mutumin aka saka a rami. Sati uku na yi a wurin, na rame, na fara tunanin ko in tattara in koma gida in ce karatun ne aka soke.

Sakatariyar sashenmu ce ta lura. Wata dattijuwa ce mai yawan cin alewa, ban taɓa kai mata kukana ba, amma ta ga kullum ni ne farkon zuwa, ni ne ƙarshen tashi. Rannan ta miƙo min 'yar takarda da adireshi, ta ce akwai wani tsoho da suke zuwa coci ɗaya, yana neman wanda zai zauna da shi.

Bas biyu na hau. Ta farko ta ratsa ta gefen wasu gine-ginen jan bulo masu tsawon gaske, tagoginsu a farfashe, bishiyoyi sun tsiro a kan rufi. Ta biyu ta sauke ni a wata unguwa da na ɗauka idona ne yake min gizo. Gida ɗaya ne aka maimaita shi layi bayan layi, kamar daga injin buga bulo guda suka fito. Babu katanga, babu zaure, babu dakali. Kowane gida da shimfiɗar koriyar ciyawa a gabansa da mota a gefe, amma ko mutum ɗaya ban gani a waje ba wanda zan tambaya hanya.

Tsohon sunansa Walta, dogo ne, ya haura tamanin, yana dogara sanda. Bakina ya kasa kiran sa'an mahaifina da sunansa gatsal, sai na laƙaba masa Baba Walta, shi kuma ya gutsure nawa ya mayar Tas. Tun kafin in ajiye jaka ya faɗa min gaskiyar lamari. Matarsa ta rasu, ɗansa guda ɗaya, Denis, yana can wani gari mai nisa, sai an hau jirgi. Denis ya ba shi zaɓi biyu: ko ya sami mai zama da shi, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi a sayar da wannan.

"Ba don kuɗin haya na kira ka ba," ya ce. "Ina da shekara bakwai aka shigo da ni gidan nan. Daga nan nake so a fitar da ni, ba daga wani wuri ba."

Na ji maganar, amma ban ɗauke ta da nauyinta ba. A tunanina gidan tsofaffi na waɗanda Allah bai ba haihuwa ba ne. Na ɗauki maganar Denis irin barazanar da muke yi wa yara da dodo don su shiga ɗaki.

Zama da Baba Walta bai yi min wuya ba. Washegarin zuwana ya sa aka kawo sabuwar tukunya da kasko, ya ɗaura musu jan zare, ya ce waɗannan naman alade ba zai taɓa su ba. Ya lalubo wani tsohon kamfas na mahaifinsa muka nemo alƙibla tare, ta faɗa daidai kan injin wanki. Abin da ya dame ni wajen gidan ne. Na zaga maƙwabta in gabatar da kaina kamar yadda baƙo yake yi, matar gidan da ke kallonmu ta amsa min ta tsagar ƙofa, ko sarƙar ƙofar ba ta cire ba. Da sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai unguwar ta ƙarasa mutuwa. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. In saka riga uku in fita in yi ta zagaye layukan, don ƙafata ta ƙi zama. Sau ɗaya motar 'yan sanda ta rage gudu a gefena, aka tambaye ni ina za ni. Na ce yawo nake. Ɗan sandan ya tambaye ni yawon me.

Da magariba, in na idar da salla, mukan zauna da shayi, shi ya yi ta labari. A bakinsa na ji yadda unguwar ta samu. Wurin duk gonar mutum ɗaya ce a da. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida tururu, kowa na neman aure da muhalli, gwamnati ta sauƙaƙa musu mallakar gida, sai aka yanka gonar aka jera waɗannan. Mahaifinsa na cikinsu. Jajayen gine-ginen da na gani a hanya masana'antar kayan mota ce, a can uban ya yi aiki, a can shi ma ya yi. Ya ce a lokacin albashin mutum ɗaya yana riƙe gida da mota, kowace ƙofa da yara uku ko huɗu, da yamma layin nan ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya. Ya kuma faɗa min, yana kallon kofinsa, cewa a shekarun nan ba a sayar wa mai launin fatata gida a unguwar, kuma mahaifinsa bai ga laifin hakan ba.

Na tambaye shi to ina mutanen suka tafi. Ya ce ba rana ɗaya suka tafi ba. Talabijin ta fara shigar da su ɗaka. Mota ta kashe ɗan kantin bakin layi, don kowa ya koma babban kanti na bayan gari. Daga baya masana'antar ta rage ma'aikata, ta sake ragewa, ta kulle. 'Ya'yan da aka yi wa karatu suka bi aiki duk inda ya kira su, kuma aikin bai taɓa kiran su gida ba. Shi bai ɗora wa kowa laifi ba, yana faɗa ne kamar mai ba da labarin ambaliya. Ni kuwa raina ya yi ta ɓaci a madadinsa, har in kasa shanye shayin.

Da bazararsu ta zo, ƙanƙara ta narke, wata safiya na tsuguna a kan ciyawar ƙofar gida na cusa yatsa. Abin da na ciro ya kusa sa ni hawaye. Baƙar ƙasa ce lubus, mai danshi, da tsutsotsinta. Mu a Kademi jigawa muke lallashi, mu yi ta jidar taki da amalanke don ta ba mu abin kai wa baki. Nan ga ƙasa irin wadda nake karantawa a littafi, ana ba ta ruwa, ana ba ta takin zamani, don ta fitar da ciyawar da za a aske duk sati a zuba a bola. Ko akuya ɗaya babu a layin da za ta ci. Na shiga na faɗa wa Baba Walta cewa wannan almubazzaranci ne, kuma in da mutanen garinmu za su gani, sai sun ce an yi wa unguwar asiri.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce lokacin yaƙi mahaifiyarsa ta noma kabeji da dankali a bayan gidan hayarsu, kamar yadda kowa ya yi. Da suka tare a nan ta so ta ci gaba, uban ya hana. A wurinsa ciyawar nan ita ce shaidar cewa sun wuce matsayin masu tonon abin da za su ci. Shekara saba'in da wani abu ana aske ta, uban ya aske, shi ma ya aske har ƙafa ta gaza. Ya kalli taga ya ce, "Je ka tona."

Ban jira ya sake faɗa ba. Babu garma, babu fartanya, da shebur na yi aikin, kwana uku. Na ɗaye ciyawar, sannan na shiga huɗa, ina tara ƙasa layi-layi da kwari a tsakani, kamar yadda muke yi a gida. Baba Walta ya leƙo ya ce su nan a shimfiɗe suke shuka. Na sani. Malamaina ma haka suka koyar, ni da hannuna na rubuta a jarrabawa cewa irin wannan ƙasar ba ta buƙatar huɗa. Amma hannun da ya rubuta hakan, da ya riƙe shebur sai ya ƙi yarda. Gonar da ba a yi wa huɗa ba, a idona ba a gama ta ba. Na ja layukana suka tashi har kusan gwiwa, na shuka masara da wake da kuɓewa.

Ba a yi sati biyu ba takarda ta zo daga kwamitin unguwa, wai mun ɓata fasalin layi. Baba Walta ya ninke ta huɗu ya tokare ƙafar teburin da ke rawa. Masara kuwa ta yi abin da ban taɓa gani ba, kullum sai ka rantse an ja ta da daddare. Mutane suka fara rage gudun mota. Wani mai kare ya tsaya ya ce kakansa ma manomi ne. Matar nan mai sarƙar ƙofa ta tsallako titi da ƙafarta tana tambayar wace shuka ce mai furen rawaya, na ce kuɓewa ce, na kwatanta mata miyar, ta yamutsa fuska. Baba Walta ya sa na fito masa da kujera. Mutumin da yakan wuni gaban talabijin ya koma zama a waje, yana yi wa masu wucewa bayani kamar shi ya yi noman. Kowace safiya sai ya shiga tsakanin layukan da sandarsa yana duba ganye. A watannin nan ne kaɗai na yi barci mai daɗi a ƙasar.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Na dawo daga makaranta da azahar na ga kujera babu kowa, na duba cikin gida ban gan shi ba. Sai na ji ana kiran sunana ƙasa-ƙasa daga cikin masara. Yana kwance a kwari, tsakanin layi biyu na huɗar da na yi, jikinsa duk taɓo. Sandarsa ce ta nutse, ƙafarsa ta harɗe da tudun, ya faɗi. Masarar ta fi mutum tsawo, babu mai hango shi daga titi. Ya kusa awa biyu a wurin. Na ciccibe shi na kai ɗaki, na wanke shi, na duba. Babu karaya, sai kumburi a ƙugu da ƙujewa a goshi. Na ce mu je asibiti, ya ƙi. Ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Tas, kada ka faɗa wa Denis. Ka yi min alkawari."

Na yi masa alkawari.

Kwana uku na yi ina kai-kawo da maganar a cikina. Na kasa karatu, na kasa cin abinci. Mahaifina nake ta tunawa, wanda muke kira Malam, shi ma da sandarsa, shi ma ba ya jin magana in an hana shi zuwa gona. Da a ce shi ne ya faɗi a Kademi ya yi awa biyu a ƙasa, wani baƙo ya sani ya ɓoye min, wallahi ba zan yafe wa baƙon ba har abada. Ɗa yana da haƙƙi a kan labarin ubansa. Ga shi kuma saura min wata biyu in koma gida, wa zai ɗaga shi in ya sake faɗuwa? Na tsara komai a kaina. Denis zai zo, ya ga halin da ake ciki, jikinsa ya yi sanyi, ya ɗauki ubansa ya kai shi gidansa ya zauna cikin iyali. Tsohon zai yi fushi da ni kwana biyu, daga baya ya sa min albarka. Har wani daɗi nake ji, ina ganin zan gyara abin da ya gagare su. Lambar wayar Denis tana manne a jikin firji, na kwafa na fita bakin titi na kira.

Denis ya iso bayan kwana biyu. Na so in same shi mugu, da abin ya fi min sauƙi, amma ba mugu ba ne. Mutum ne mai furfura da gajiya a ido, ya rungume ubansa ya yi kuka, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. A rana ta uku na ga ya baje takardun gidajen kula da tsofaffi a tebur, masu hotunan tsofaffi suna murmushi a lambu. Na ja shi waje na tambaye shi yaushe zai tafi da Baba gidansa.

Ya kalle ni. Sannan ya yi min bayani a hankali, ba da faɗa ba. Shi da matarsa duk aiki suke, su fita da sassafe su dawo da duhu. 'Ya'yansu sun girma, kowa na garinsa. Gidan nasu sama yake, hawa biyu. Aikin ma sau uku yana sauya masa gari, bai san inda zai kasance baɗi ba.

"In na kai shi can, wa zai zauna da shi?" ya ce.

A garinmu ba a yin wannan tambayar, don gida ba ya rasa mutum. Na ce masa zan baje huɗar yau ɗin nan, in mayar da wurin sumul. Ya ce ba maganar huɗa ba ce. Na ce zan nemi a ƙara min wata shida. Ya dafa kafaɗata ya ce na riga na yi abin da ya dace, ya koma ciki.

Sati guda aka yi ana haɗa kaya, Baba Walta bai ce min uffan ba. In na kawo shayi ya karɓa, in na gaishe shi ya gyaɗa kai. Ranar tafiya ya fito a hankali, ya bi ta gefen gonar bai kalle ta ba, ya shiga mota. Dillaliyar da za ta sayar da gidan ta ce babu mai sayensa da wannan dajin a gaba. Ni na sare masarar da hannuna, tana da goyo, saura kwana kaɗan ta nuna. Washegari wasu mutane suka zo da ciyawa a nannaɗe kamar darduma, suka baje ƙasar, suka shimfiɗa. Kafin la'asar gidan ya koma daidai da na kusa da shi.

Ana saura kwana huɗu in taso na je duba shi a gidan tsofaffin da aka kai shi. Wurin tsaf yake, babu abin kushewa, ma'aikatan ma da fara'arsu. An jera tsofaffi a falo gaban wata ƙatuwar talabijin da babu mai kallonta. Shi yana ɗakinsa a bakin taga, ya rame, an yi masa askin da bai dace da shi ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci.

"Abu ɗaya na roƙe ka," ya ce.

Na ba shi haƙuri. Na faɗa masa abin da na zata, cewa Denis gidansa zai kai shi, cewa a wurinmu haka ɗa yake yi. Ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Ai ba daga sama ya koya ba. Ni ma irin wurin nan na kai mahaifiyata. Ina aiki, matata na aiki. Denis na tsaye yana kallo."

Na rasa inda zan sa idona. Da na miƙe zan tafi ya ba ni hannu, amma bai ce ya yafe ba, ni ma ban sami bakin sake roƙo ba. Ya ce kawai in tafi gida, ina da uba.

Daga Kano na hau motar Gaya, na kwana ɗaya wajen iyalina, da safe na buga babur zuwa Kademi. Na tarar da Malam a zaure kan buzunsa, yayana na gyara masa rediyo, matan gida na ta aiko da gaisuwa da fura, mutum ya shiga mutum ya fita. Bayan an watse ya ce in ba shi labarin tsohon da ya riƙe ni, don ya daɗe yana sa shi a addu'a. Na faɗa masa tukunya mai jan zare, da baƙar ƙasa, da masarar da ta fi mutum tsawo. Na faɗa masa faɗuwar, da alkawarin, da wayar da na buga. Ina so ya yi min faɗa, ko na ji sanyi a raina. Sai ya tambaye ni ko ɗan ya zo, na ce ya zo cikin kwana biyu. Ya gyaɗa kai ya ce to ai na yi daidai, irin wannan alkawarin ba a riƙe shi, kuma Allah ya yi wa yaron albarka da bai yi nawa ba.

Ya kurɓi furarsa, ya goge baki.

"Yanzu yana can gidan ɗan nasa ke nan, cikin jikokinsa?"

Na kalli sandarsa da ke jingine a bango, na kalli fuskarsa yana jiran amsa da murmushi. Na ce masa e, yana can.